Keken Ɗan Goggo

Daga Admin: Wani dattijo ne ya turo mana wannan ta murya, ya roƙi mu rubuta yadda ya faɗa, mu ɓoye sunansa. Ya ce sunayen da ke ciki ma canza su ya yi. A ba shi shawara cikin ladabi.

Assalamu alaikum warahmatullah, 'ya'yana da jikokina na wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara. Na san a shekaruna ni ya kamata a riƙa zuwa wajena neman shawara, to amma abin da ke damuna ba zan iya faɗa wa kowa a dangina ba, sa'o'ina kuwa da za su gane maganar duk sun riga mu gidan gaskiya. Magana ce a kan keke, keken ma na tun zamanin Turawa. Ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku ce tsoho ya rasa abin yi.

Ni a ruga aka haife ni, arewa da Bauchi, can ta hanyar Ningi. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, kuma a cikin 'ya'yan da Inna ta haifa ni kaɗai na rayu. Tana da wa, Kawu, wanda ya daɗe da barin kiwo ya zauna a birni, a Ƙofar Ran, yana sayar da yadi. Shi ya ɗauko ni ya sa ni boko tare da ɗansa Sule, wanda ya ɗan girme ni, ina ce masa Hamma Sule. Shi kuma da yake Inna goggonsa ce, ɗan Goggo yake ce mini, har sunan ya bi ni a gidan. Inna ta zauna a ruga wajen ƙannen babana saboda 'yan shanun da aka bar mana. Ba zan yi wa Kawu ƙarya ba yana kabarinsa, ya ciyar da ni, ya tufatar da ni, bai taɓa dukana ba. Sai dai a gidan akwai wata doka da ba a faɗa, abin Sule na Sule ne, abina kuwa na kowa ne. Hula, takalmi, alƙalami, duk haka aka yi da su, na saba.

Ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi na samu aiki a ofishin dabbobi, ina cikin masu yi wa shanu allura. Sun ɗauke ni ne saboda ina jin Fulatanci kuma shanu ba sa ba ni tsoro. Ofishin yana bayan ganuwa, kullum da safe sai na taka, in dawo da yamma. Wannan ba komai ba ne. Wahalar tana wajen rangadi, a tura ka ruga-ruga da akwatin allura, ga tabarmarka, ga bargo, ga buta, ka yi mako kana yawo. Wanda ke da keke ya gama ya dawo, kai kana can kana jan ƙafa. Ga kuma Inna, wadda sai in daɗe ban sa ta a ido ba, don zuwa wajenta a ƙasa tafiya ce ta kwana. Albashina kuwa rabinsa a hannun Kawu yake ƙarewa, ba a maganar sayen keke.

Wata rana na je gaishe ta, ta ga yadda ƙafafuna suka faffashe, ta daɗe tana kallonsu. Inna ba ta kiran sunana, kun san kunyar ɗan fari, kuma ba mai yawan magana ba ce. Can ta ce, "Wannan keken da abokan aikinka ke hawa, idan ka samu naka, zan riƙa ganinka?"

Na ce, "Duk wata, Inna."

Da safe ta kira ƙanin babana ta nuna masa wata karsana ja mai farin goshi, ta ce a kai ta kara a sayar. Ba ta cikin shanun gado, tata ce ta kanta, jikar saniyar da uwarta ta ba ta ranar da za a kai ta ɗaki. Na ce ta bari, ta yi kamar ba ta ji ba. Kuɗin da aka samu ba su isa sabon keke ba, amma sun isa na hannu mai kyau idan mutum ya iya zaɓe. To ku gane halin da nake ciki, dama ɗaya gare ni, in na yi kuskure babu wata karsanar.

Na fi wata ina nema. A kanti akwai sababbi masu walƙiya, da murfin kaca da fitila, waɗannan kallonsu kawai na yi na wuce. Akwai wani na dako mai ƙarfe biyu da wani ɗan goro yake son rabuwa da shi, ƙarfi kam ba a magana, za ka ɗora masa buhu bai sani ba, amma da na hau na zaga da shi sai na ji kamar ina tura jaki. Sai kuma wani siriri na wani Bature malamin makaranta da zai koma ƙasarsu, kore, mai giya, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, tayarsa ba ta fi yatsa biyu ba. Kukunsa ne ke neman mai saye, kuma da araha. Hamma Sule da ya gan shi sai da ya rasa sukuni. Kullum maganarsa ke nan, ɗan Goggo ka sayi na Baturen, duk Bauchi ba mai irinsa, 'yan mata har leƙowa za su yi. Ni ma ba zan ɓoye ba, raina ya biya. Na hau shi a titi, iska kawai nake ji.

Akwai wani Bayerabe mai gyaran keke a bakin kasuwa, Baba Raimi, na je na zayyana masa duka ukun, ina tambayarsa wanne ya fi. Bai ɗago daga facin da yake yi ba ya ce, "Ni ban sani ba. Ina ne za ka je da shi? Gaya mini hanya tukuna, bayan haka mu yi maganar keke." Sai na zauna na gaya masa. Ofis kullum. Rangadi a daji, ga yashi, ga ƙaya, ga duwatsu. Rugar Inna, da rafukan da ke tsakani waɗanda ba su da gada, da damina sai ka tuɓe ka ɗora kayanka a ka. Ina faɗa ina jin amsar da kaina. Na dako ba zan iya ɗaga shi in haye ruwa ba. Na Bature ba shi da kariyar ɗaura kaya, ƙaya ɗaya ta ishi tayarsa, kuma in ta fashe a daji sai dai a aika Legas, wataƙila ma Ingila. Baba Raimi ya ce in nemi wanda tayarsa ke rataye a kowace kasuwar ƙauye, mai birkin ƙarfe ba na waya ba, wanda kowane maƙeri zai iya miƙe masa abin da ya lanƙwashe, kuma kafin in biya in ɗaga shi sama da kaina in ji.

A ƙarshe wajen wani malamin asibiti da aka yi wa canjin gari na samu. Baƙi ne, ba shi da wani ado, fentin ma ya fara koɗewa a wajen sirdi. Ba giya, ba fitila. Amma ƙarfensa lafiya, kacarsa ba ta saki ba, wili biyun suna juyawa ba rawa, kuma da na zauna ƙafata na kaiwa feda daidai ba tare da na miƙe ba. Na ɗaga shi, na ji zan iya haye rafi da shi. Da ɗan abin da ya rage na sa aka ɗaura masa kariya mai ƙwari, na sayi famfo da kayan faci da ƙararrawa, na yanki lasin. Da na shigo da shi gida Hamma Sule ya zagaya shi ya ce na kwashi kuɗin Goggo na sayo keken masinja. Mutanen gida suka yi ta dariya.

Keken nan bai taɓa ba ni kunya ba. Da safe ya kai ni ofis tsaf, rigata ba ta yi datti ba. Ranar rangadi in ɗaure akwati da tabarma a baya, buta a gaba, in bi Darazo, in bi Dass, in shiga inda mota ba ta taɓa shiga ba. Taya ta fashe in zauna gindin bishiya in yi faci in wuce. Kuma na cika wa Inna alkawari. In na yi asubanci, kafin la'asar ina ruga. Tun daga nesa nake fara kaɗa ƙararrawa, yara su sheƙo a guje, ita kuwa ba za ta fito ba, sai in tarar ta riga ta dama fura ta rufe da faifai, tana ta wani aikin kamar ba ta san na zo ba. Nakan kai mata gishiri da kanwa da goro, in dawo da man shanu in ba matar Kawu. Daga nan ta samu sunan da za ta riƙa kirana da shi, mai keke. A duk rayuwata ban yi lokacin da ya kai wannan daɗi ba.

Sai shekarar samun 'yancin kai. A ƙarshen damina aka yi bikin, gari ya cika da tutoci kore da fari, 'yan makaranta na ta koyon maci, samari masu kekuna sun shirya za su yi jerin gwano sun ɗaure wili da ƙyallaye. Ni hankalina ba ya nan. Zuwana na ƙarshe na tarar Inna ta rame, tana wani tari da ban so ba, na ce mata da an ba mu hutun biki zan dawo da magani daga asibiti. Na karɓo maganin, na sayi sabon bargo, na ɗaure su a kariya tun ana gobe biki, niyyata in yi sallar asuba in kama hanya.

Hamma Sule ya same ni ya ce in ara masa keken ya shiga jerin gwano. Na ce ya yi haƙuri, tafiya zan yi. Ya ce yini ɗaya ne. Na ce ko rabin yini ba zan iya ba. Wannan ne karo na farko da na taɓa hana shi wani abu, kuma bai ji daɗi ba, ya faɗi maganganu, har da cewa ɗan riƙo ya yi keke ya fara ɗaga kai. Bayan magariba Kawu ya aika a kira ni zaure, ga baƙinsa zaune.

Ya ce, "Kai ne za ka hana ɗan'uwanka aron ƙarfe a gidan nan?"

Na ce, "Kawu, Inna ce ba lafiya, magani zan kai mata."

Ya ce, "Ƙanwata ce, na riga ka saninta. Ba yau ta fara tari ba. Ka ba shi, gobe da yamma ya dawo maka da shi, jibi ka tafi."

A gidansa nake, tuwonsa nake ci, ga mutane suna kallona. Na je na kwance bargon da maganin na ajiye a ɗaki.

Aka yi biki aka watse, yamma ta yi, ba Sule. Washegari ma babu shi. Sai a bakin wani abokinsa na ji cewa daga wajen jerin gwanon su da wasu samari suka miƙe sai Jos, wai sun ji bikin can ya fi armashi, akwai sinima da wasan wuta. Da na gaya wa Kawu murmushi ya yi ya ce yaran zamani sai addu'a. Ina cikin wannan sai ga wani mai koro shanu daga wajenmu ya yi sallama da ni a ƙofar gida, ya ce Innarka ta ce ka zo, kada ka tsaya komai. Matar da ba ta taɓa aiko mini da saƙo ba tunda na zo birni.

Ba inda ban shiga ba a garin nan. Masu keken haya duk an kwashe nasu saboda biki. Baba Raimi ba abin da ke rumfarsa sai wani da ba wili. Abokan aikina masu keke kowa ya tafi garinsu hutu. Motar da ke bin hanyar sai ranar kasuwa, direban ma ba a san inda yake ba. Na ɗauki bargon da maganin na kama hanya a ƙasa. Rafuka a cike, na haye su, na kwana a wani ƙauye don ƙafa ta ƙi, na tashi na ci gaba. Da na hango rugar sai na ga maza zaune a kan tabarmi a waje, ba mai magana, yara ma ba wanda ya sheƙo. Da hantsin ranar aka binne ta.

Matar ƙanin babana ce ta yi jinyarta. Ita ta gaya mini, ba don ta ƙona mini rai ba, ita a ganinta daɗi zan ji, wai tun ranar biki Inna ke sa kunne. Ko munduwa ce ta bugi tasa sai ta ɗago kai ta ce, ga mai keke nan. Ta sa an dama fura an rufe, ta yi tsami aka zubar, ta sa aka sake damawa.

Ku fahimce ni, ni Musulmi ne, ban ce keke zai hana ta mutuwa ba, ban ce maganin da ke hannuna zai ƙara mata kwana ba. Amma da na tafi ranar da na shirya, da na same ta da ranta, da na yi kwanaki a gabanta, da ta gan ni. Abin da ta sayar da karsanarta a kansa ke nan, ta riƙa ganina.

Bayan addu'ar bakwai na dawo Ƙofar Ran. Keken na jingine a zaure, wilin gaba ya lanƙwashe, kariya ta karye, ƙararrawa babu. Hamma Sule ya yi mini gaisuwa kamar yadda kowa ya yi, Allah ya jiƙan Goggo, Allah ya ba da haƙuri. Sai ya ƙara da cewa, wai keken nan ba shi da ƙwari a gangara, ai da ma ya ce in sayi na Baturen. Wallahi haka ya ce. Kawu kuwa ya yi kukan ƙanwarsa da gaske, na gani, amma abin da ya ce mini shi ne ajali in ya zo ko a jirgi kake ba ka riga shi, kada in sa wa raina komai. Ba wanda ya ce mini yi haƙuri da abin da muka yi maka. Da a ce ranar ɗayansu ya faɗi haka, ina jin da yau ban dame ku ba.

Ban sake taɓa keken ba. Na bar shi a nan inda na gan shi, na koma rangadi a ƙasa har ofis ya ba ni wani daga baya. Da na yi aure na bar gidan, a ƙarshe na yi nawa a Fadaman Mada. Shi kuwa Hamma Sule da ya ga keke ba mai shi sai ya kai aka gyara, ya fara ɗaura yadin Kawu yana bin kasuwannin ƙauye. Keken masinjan nan shi ya yi ta ɗaukarsa shekara da shekaru. Allah ya buɗa masa, ya yi shaguna, ya yi motoci, ya zama Alhaji Sule da kowa ya sani. Ya sa aka yi wa keken fenti aka rataye a zaurensa.

Zumunci bai yanke ba, a ido dai. Suna, biki, rasuwa, duk muna tare. Har babban ɗana ya ga Hajara 'yar Hamma Sule ya ce yana so. Na so in hana, marigayiya matata, wadda ita kaɗai ta san zancen, ta ce kada in ɗora wa yara abin da ba su ji ba ba su gani ba. Aka yi, kuma ban yi nadama ba, Hajara 'yar kirki ce, tun rasuwar matata ita ke kula da cina da shana. Sau ɗaya tak na taɓa tayar da maganar, bayan rasuwar Kawu, muna zaune mu biyu. Na ce Hamma, akwai abin da ke raina tun rasuwar Inna. Ban kai ƙarshe ba ya yi dariya ya ce, "Wai har yanzu kana nan a kan maganar keke? In abin hawa kake so gobe in aiko maka da babur." Kuma ya aiko ɗin, sabo fil. Na sa aka mayar masa. Ya riƙa gaya wa mutane ɗan Goggo girman kai gare shi, ba a yi masa alheri.

Bara, da man fetur ya yi tsada, jikanmu Nuhu, ɗan Hajara, da ke karatu a jami'a a Yelwa, ya ce keke zai saya, mai araha, wanda zai kai shi makaranta, ya je gida, in an yi hutu su yi doguwar tafiya da abokansa. Sai ya je wajen Alhaji, tunda shi ne mai keke a zaure, ya ɗauke shi bidiyo ya sa a guruf ɗin dangi. Ina zaune aka miƙo mini waya. Ga Hamma Sule a kan kujera, an sauko masa da keken yana shafawa, yana cewa wannan shi ne keken da ya saya da guminsa kafin 'yanci. Wai kowa na ce masa ya sayi wani na Bature mai kyau, shi kuwa ya ce a'a, hanya ake fara dubawa kafin keke. A nemi wanda tayarsa ke kowace kasuwa. A ɗaga shi a ji nauyinsa. Kalma ɗaya bai bari ba. Dangi suka yi ta yabo, Alhaji akwai hangen nesa, Allah ya ƙara girma. Nuhu ya sayo nasa ya kawo mini har gida yana murna, ya ce, "Baffa ka gani, shawarar Alhaji na bi." Na sa masa albarka. Keken kuwa ya yi kyau, ya iya zaɓe. Ranar ban iya cin abinci ba.

To yanzu ga inda nake neman shawararku. Watannin baya ɓarin jikin Hamma Sule ya shanye, kuma hankalinsa ya fara tafiya yana dawowa, wani lokaci ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Na je dubiya tare da jama'a, na tsaya daga baya, na fito. Shekaranjiya Hajara ta kawo mini abinci, ta ajiye, maimakon ta tashi sai ta zauna a ƙasa tana murza bakin mayafinta.

Ta ce, "Baffa, jikin Alhaji ya ƙi. Akwai wata magana da ya kama, ba ya faɗin komai sai ita."

Na ce, "Wace magana?"

Ta ce, "Cewa yake, ku kai wa ɗan Goggo kekensa, Goggo na jiransa. Ya yi ta yunƙurin tashi, wai a sauko da shi a yi sauri. In an ce ya kwanta sai ya fashe da kuka. Likita ya ce ruɗewa ce, in abin ya tsananta a ba shi maganin barci. Amma ni na san kai ne ɗan Goggo. Baffa, ko ka san abin da yake nufi?"

Na ce mata ciwo babu abin da ba ya sa mutum ya faɗa. Ta dube ni, ta kwashe kwanukan jiya.

Tun lokacin ban samu natsuwa ba. Ashe ya sani. Duk shekarun nan da yake dariya, da ya aiko mini da babur, da ya zauna gaban waya yana ba da labarina a matsayin nasa, ashe yana sane da wanda ke da keken da wadda ta mutu tana jira. Yana da lafiya, yana da baki, muna gari ɗaya, jikokinmu ɗaya, bai taɓa tako ƙafa ya ce ɗan Goggo ka yafe mini ba. Sai yanzu da hankalin ya tafi maganar ta fito da kanta. Wasu za su ce in gode wa Allah, ai ya amsa laifinsa. Ni ban ji haka ba. Mutumin da nake so ya dube ni ya faɗa ba ya nan, wanda ya rage wani tsoho ne a kan katifa da bai san shekarar da ake ciki ba.

Kuma duk da haka ba na jin daɗin a ce yana kuka ana ɗura masa maganin barci a kan maganar da ni na san gaskiya ce. Duk duniya ni kaɗai na rage da zan iya cewa ba ruɗewa ba ce. In na faɗa, Hajara za ta san abin da ubanta da kakanta suka yi, Nuhu zai san labarin da yake taƙama da shi na ƙarya ne, kuma na san dangi, za a ce na jira sai da mutum ya kasa kare kansa sannan na tona shi. In na je na kama hannunsa na ce na yafe don ya samu ya huta, bakina ne zai faɗa, zuciyata ba ta kai nan ba, na gwada ta a kan sallaya ba sau ɗaya ba, kuma ina tsoron in yi ƙarya a gaban mai shirin tafiya. In kuma na ƙi zuwa ya mutu a haka, ni ma ƙafata ɗaya tana ciki, ban san me zan ce wa Ubangijina ba.

Malaman da ke cikinku, yafiyar da aka furta zuciya ba ta bi ba, tana ƙirguwa? Ku kuma masu iyaye da kakanni, da ku ne Hajara, za ku so a gaya muku, ko gara a bar ku da uban da kuka sani? Kuma in sun sauko da keken suka ce ga shi, in karɓa in kai ina?

Hajara ta ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za ta zo da mota ta kai ni wajensa, ni kaɗai, ba tare da 'yan dubiya ba. Na ce mata to. Har yanzu ban san abin da zan ce ba in na shiga ɗakin. Don Allah ku gaya mini kafin ranar.